Hannun da Tia Ermelinda Ta Miƙa

Maliana, Timor ta Gabas
Mayu, 2000

Zuwa ga yayana, Maun Abilio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Mana Odete da yara a can sansanin 'yan gudun hijira na Atambua, ɓangaren Indonesiya. Sista Imakulada ce za ta kawo maka wannan. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Abin da na gani da safiyar Lahadin da ta bi Ista ne ya sa na ɗauki biro. Na raka uwarmu Ama coci, ba don addu'a ba, ƙafarta ce ba ta hawa tudu ita kaɗai. Tun da babanmu Apa ya mutu a kan dutse lokacin gudu, muka binne shi ba akwati ba Fada, ni da Allah ba mu da wata magana. Cocin har yanzu ba rufi, tamfol aka ɗaura a saman bagade, sauranmu muna rana. Bencin da Ama ke zama ba mai raɓarsa. Uwar ɗan banga ce, mata sun gwammace su tsaya.

Fada ya karanta inda Yesu ya shiga wurin mabiyansa bayan ya tashi, waɗanda suka gudu suka bar shi. Ya ce musu salama, ya nuna musu hannuwansa da ramin ƙusa. Da aka zo inda kowa ke ba na kusa da shi hannu, Ama ta sunkuyar da kai yadda ta saba. Sai ga Tia Ermelinda, matar Tiu Gaspar, ta taso daga gaba tana ratsa mutane. Ta miƙa wa Ama hannu. Na daman, Maun. Wanda adda ta cire wa yatsu biyu ran da ƙungiyarku ta zo ta tafi da mijinta. Kullum a cikin zane take ɓoye shi.

Wata daga baya ta ce, "Tia ta fara ruɗewa."

Ta juya ta ce, "Uwarki ce ta ruɗe. Matsa, kin taka min zane." Ta zauna kusa da Ama har aka tashi.

A bakin ƙofa ta tsare ni. "Kai Zeferino, dogon banza, ka iya rubutu?" Na ce ɗan kaɗan. Ta ce, "Rubuta wa yayanka. Satumba na zuwa, shekara za ta cika, kowa zai je kabarin mamacinsa ya cire baƙin kaya. Ni a kan wane kabari zan cire nawa? Furen makoki ma a bakin hanya na zuba shi kamar mahaukaciya. Ya zo ya nuna min inda suka sa mijina. Ni da kaina zan shimfiɗa tabarmar sulhu."

Ama ma ta ce ba za ta cire baƙin kayan makokin Apa ba sai ɗanta na fari yana tsaye a wurin. Saƙon ke nan. Ka gaishe min da 'yarka Bendita, ka ce ɗaya cikin kajinta ta tsira.

Ƙanenka,
Zeferino

*

Atambua
Yuni, 2000

Ƙanena, Alin Zeferino,

Na ga takardarka, ina gaida Ama. Ashe bayan tafiyata Fada ka zama? Da ka faɗa min da na aiko maka da farar riga.

Bendita ta rasu tun Fabrairu. Zazzaɓi da gudawa. Nan laka ce da tamfol, kuma manyanmu na banga na lura da duk wanda ya cika hira da masu komawa gida. Ka yanka kazar ku ci.

Hannu! Har yanzu kai yaro ne. Tsohuwa ta miƙa hannu, to ɗanta Lourenso fa, me ya miƙa? Mun ji yadda aka yi wa wanda ya koma watan jiya, haƙora nawa ya rage masa? Kun jefa ƙuri'a kun rabu da Indonesiya, kun samu ƙasarku. Ku ci ta da daɗi. Ni an ba ni zaɓi tsakanin ɗaura ja da farin tutar Indonesiya a ka ko a ƙone gidanmu, na ɗaura, kuma aka ƙone shi.

Wurin da take tambaya na san shi. Ba zan rubuta ba, takarda na ratsa hannaye da yawa kafin ta iso. Kuma ba zan zo ba.

Tunda ka fara jin karatun Fada, ka tambayar min wannan. Yesun ya nuna hannunsa ga waɗanda suka gudu. To masu riƙe da ƙusa fa, ya je wurinsu?

Ka kula da ƙafar Ama.

Abilio

*

Maliana
Yuli, 2000

Maun Abilio,

Gaisuwa, da ta'aziyyar Bendita. Allah ya ba ku haƙuri, kai da Mana Odete. Ama ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ta zauna ne a bakin murhu har wutar ta mutu. Kazar ba mu yanka ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Lourenso bai miƙa komai ba. In muka haɗu a hanyar gonar kofi sai ya tofar da miyau, wani lokaci ya kankara addarsa a jikin dutse don in ji. Ni dai nakan ce masa ina kwana in wuce.

Tambayarka na kai wa Katikis Vidal, mai koyar da addini a coci. Ya daɗe yana sosa sanƙonsa. Ya ce, "Yayanka ya fi ka kai. Ka gaya masa waɗancan bai jira ya tashi ba. Ƙusoshin na jikinsa ya roƙa musu gafara." Na ce to sun ji shi? Ya ce, "Suna can suna rabon rigarsa. Amma ya faɗa."

Ban gane duka ba, Maun. Abin da na sani, tun safiyar nan nakan durƙusa in an durƙusa. Ba wai zuciyata ta yi sauƙi ba. Da ina ganin Allah na can sama lafiya lau yana kallonmu ana yanka mu. Ban taɓa lura cewa shi ma hannunsa bai koma yadda yake ba, kuma da shi yake gaisawa.

Na gaya wa Tia labarin Bendita. Tana tauna ganyenta ta ce, "Wannan yarinya wa ta zaɓa?" Sannan ta ce in kai ba ka iya zuwa, ita tana da ƙafa. Kasuwar bakin kogin iyaka, inda sojojin kiyaye zaman lafiya ke barin mutanen ɓangare biyu su yi ciniki. Asabar ɗin farko ta Agusta za ta kasa rogo a kan tabarma, ina gefenta. Ka zo kamar mai saye. Ta ce ba sai ka kalle ta ba.

In ba ka zo ba za mu koma Asabar mai bi mata. Ka san ni da jira.

Ƙanenka,
Zeferino

*

Maliana
Satumba, 2000

Maun,

Gaisuwa. Da na gan ka a kasuwar ka rame ƙwarai, ban faɗa wa Ama ba.

Mun je inda ka ce, tsohuwar rijiyar bayan rumfar shanya kofi. Tiu Gaspar yana nan. Tia ta gane carbinsa tun kafin a wanke lakar. Lourenso ne ya shiga ya fito da shi a cikin zane. Da nauyi ya rinjaye shi a bakin rijiyar na kama gefe ɗaya, bai ture hannuna ba.

An binne Tiu Gaspar jiya da safe, da akwati da Fada. Tia ta cire baƙin kayanta. Ama na cikin nata, ta ce za ta jira. Tia ta aiko mana da tabarmar sulhun, ta ce kada a naɗe ta.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenka,
Zeferino

Ƙari: a bakin kabarin Lourenso ya ce da ni, "Ka gaya wa yayanka ban yafe ba. Amma addata ta koma gona." Na san za ka ce ni na ƙirƙira. Ba ni kaɗai na ji ba. Katikis Vidal na wurin, da Sista Imakulada, da Ama.