Jan tsumman Inna da na tsinke a lambu

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Mainika lafiya lau, sai dai ni na yi ɓarna.

Irin tumatirin da marigayi Baba ya bari, bana Inna ta zuba na ƙarshe a bayan gida, tare da ɗan kanti da na sayo a Getso. Da muka yi dashe, ta kafa kara a kowane gindi na Baba ta ɗaura jan tsumma. Ni kuma da bakin nan nawa na ce, "Inna, lambu ne ko shanya? Ga mai karatu a gida." Na tsinke su duka, na rubuta suna a kwali na soka.

Ruwan Talata ya wanke rubutun tas. Yanzu duk kamarsu ɗaya, ga shi ɗan kanti ba a ajiye irinsa. In muka ɗebi wanda ba shi ba, na Baba ya tafi ke nan.

Da ma zagina ta yi. Cewa kawai ta yi, "To Malam, karanta mana." Sai da na ga tana laluben ganyen da hannu na gane idonta ne ya yi rauni, ja kaɗai take hangowa.

Kai ka yi noma da Baba. Don Allah rubuto min yadda 'ya'yan tumatirinsa suke, kafin su nuna. Ka sa ni a addu'a, Allah ya rage min zafin baki. A gaida kowa.

In ka kira ta, kada ka yi maganar idon. Ba ta san na gane ba.

Ƙaninka,
Sabi'u