Bayan Ɗakin Juwairiyya

Litinin, 2 ga Maris, 2009
Ƙungiyar 'yan ƙauyenmu ta zauna a Agyaragu, a makare kamar kullum. Sabon titi zai ratsa kufan da muka bari tun ina matashi. Dattawa sun yanke cewa ba za a tona ƙasa ba. Za a aro na'ura daga jami'a, mai nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a gano kaburbura, a kewaye su, titi ya kauce. Ban ji komai ba.

Alhamis, 5 ga Maris
Na'urar ta iso. Tana kama da keken tura jarirai, da allo a samanta. Wata Iveren ce ke karanta allon.
Sharaɗin dattawa: baƙo ba ya tura ta a kufan gidan wani. Mai gida ne zai tura, kuma ba takalmi. Na ce na yi aikin awon ƙasa har na yi ritaya, ban taɓa ganin cire takalmi ya gyara awo ba. Nababa, shugaban ƙungiya, ya ce, "Yaya, ai ba awo ba ne, sallama ce."

Asabar, 7 ga Maris
Ban je ba. Na goge takalmana.

Talata, 10 ga Maris
Saura gidanmu kaɗai, kuma yana kan layin titin. Iveren ta ce da zarar ruwan farko ya sauka, laka za ta makantar da na'urar.
Iyayena suna maƙabarta. Wanda ke gidan shi ne ɗanmu na fari. Ya rasu kafin suna, ina Kaduna wajen horo. Irinsa, a al'adarmu, bayan ɗakin uwa ake sa shi, ba alama. Matata Juwairiyya ce ta san wurin, ita kuma ta rasu bara. Ba ta taɓa nuna mini ba. Ban taɓa tambaya ba.

Alhamis, 12 ga Maris
Na cire takalmi. Ƙasar da zafi. Na tura a kan layi madaidaici, kamar yadda ya kamata. Kusa da kututturen ɗorawa Iveren ta ce, "Baba, tsaya. Koma baya kaɗan."
Wani ɗan lanƙwasa ne a allon, ba zurfi. Na tambaye ta ko kabari ne.
"An taɓa tona nan, ƙaramin rami. Iyakar abin da zan iya rantsewa ke nan, Baba."
Na ce wannan ba hujja ba ce. Ta ce haka ne.

Lahadi, 15 ga Maris
An yi ruwa da asuba. Na koma kufan.
Ya dace in rubuta cewa sakamakon bai tabbata ba. Yana iya zama ramin tulu. Duk da haka na ce wa Nababa a sa wurin cikin shinge. Ya tambayi sunan da za a rubuta a jikin dutsen alama. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.
Sai da na iso gida a garin Lafiya direba ya tuna mini takalmana suna can.