Mai Kwat Zai Sauka a Gidanka

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce sanyin can yana tayar maka. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har majami'a yake zuwa da ƙafarsa. Inna tana nan da faɗanta, ka san alamar lafiyarta ke nan. Auta kuwa watanta ya kusa, a sa ta a addu'a.

Yaya, baƙo zai zo maka, kuma gara ka san halinsa tun bai ajiye jaka a ɗakinka ba. Mijin Auta nake nufi, wanda muke kira Mai Kwat saboda ko zafi zai kashe shi ba ya tuɓe ta. Ka san shekara goma sha ɗaya Baba ya yi a teburin ɗakin baya yana juya bishara zuwa yarenmu, shi da Gwaggo da tsohuwar nan maƙwabciyarmu, su wuni suna gardama a kan kalma guda. A nan idonsa ya lalace. To, mutanen mishan na ƙasar da kake suka shirya taron masu fassara na harsuna sama da arba'in, suka aiko a tura musu wanda ya yi namu aikin. Takardar ta faɗa hannun Mai Kwat, tunda shi ke buga takardu a ofishin mishan na nan. Sai ya amsa musu cewa tsohon ba zai iya hawa jirgi ba, amma ga mataimakinsa na kusa. Mataimaki! Mutumin da lokacin da yake neman Auta ya ce mata ta daina yi masa yaren ƙauye a gaban abokansa. Ko ruwa bai iya roƙa da shi ba. Baba bai ji labarin ba sai a sanarwar ranar Lahadi, yana zaune a benci kamar kowa.

Ka so ka ga yadda yake tafiya tun ranar da biza ta fito. Fasfo a aljihun gaba, rabinsa a waje don kada wani ya wuce bai gani ba. Murya ma ta sauya, da hanci yake gaisuwa yanzu, alhali ko filin jirgin bai taka ba.

Ranar da aka yi masa addu'ar sallama, fasto cikin kyakkyawar niyya ya miƙa masa shafi ɗaya daga fassarar Baba ya ce ya karanta wa jama'a. Ya gyara kwat, ya yi gyaran murya, ya fara. Ka san a yarenmu kalmar makiyayi da ta ɓarawon awaki muryar kawai ta raba su. Sau huɗu ya gaya mana mu bi ɓarawon awaki. Tsofaffin mata suka toshe baki da gefen zane, kafaɗunsu na rawa. Gwaggo ta tambayi ta kusa da ita, da muryar da aka ji har bakin ƙofa, ko awakin wa aka sace. Shi kuwa ya ɗauka daɗin karatunsa ne ya motsa su, har da ɗan rusunawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba. Ban ga ya yi dariya ba, ban ji ya yi ƙorafi ba. Washegari ya aika a kira Mai Kwat, ya zaunar da shi a wannan teburin kwana uku yana koya masa shafin kalma kalma. Na ce masa Baba, wanda ya sace maka tafiya shi kake wankewa? Ya ce ba mutumin yake ji ba, yaren yake ji, kada a fara jin sa a duniya a karkace. Yanzu Mai Kwat ya haddace shafin kamar aku, ko mene ne a ciki bai sani ba.

Ga roƙona. Ka ba shi masauki da abinci, albarkacin Auta da abin da ke cikinta. Amma ranar taron ka ɗauki hutu a wurin aiki, ka je ka zauna a layin gaba. In ya gama karatunsa aka ba da damar tambaya, ka miƙe ka gaishe shi da yarenmu, ka tambaye shi yaya ya baro mutanen gida. Iyakarta ke nan. Ka tsaya ka jira amsa, kada ka taimake shi. In shirun ya ishe su, sai ka gaya musu ko ɗan wane ne kai, da wanda ya yi aikin. Baba ya ce kada in rubuta maka wannan. Na ce masa to, ga shi kuma na rubuta.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da 'yan biyu, ka ce musu ni gwaggonsu ina jiran hoto. Baba da Inna suna sa muku albarka. Gwaggo ta ce in kana da awaki a can ka ɗaure su.

Ni ce ƙanwarka,
mai bi maka.