Kumandan Ba Ya Azumi

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 2002
Azumi ya kama. Yau wani mai ƙaramin babur mobilet ya buge Kumandan a bakin layinmu, ƙafar baya ta kumbura. Muzurun marigayiya matata Kulu ne. Ba mu taɓa shiri da shi ba, ɓarawon kifi ne na ƙarshe. Amma bara da ciwo ya tsananta mata, sai ta ce, "Mani, ga amanar Kumandan." Amanar muzuru fa! Ni da na tsufa ina jan babbar mota har Lome.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
'Yata Ladidi ta zo daga Gounghin, ta sa shi a kwali muka kai wa likitan dabbobi na unguwarsu. Babu karaya. Ya ba da siro, maganin ruwa na rage zafi, yana ta zuba Faransanci. Ladidi ta ce, "Baba, kullum da safe, bayan ya ci." Na ce to. Hankalina yana kan kada in rasa sallah.

Litinin, 11 ga Nuwamba
Ya daina kuka, sai barci. Magani ya karɓe shi.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Amai tun safe, har da jini-jini. Kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta. Na zuba masa madara a marfin kwanon Kulu, ya kau da kai ya shige ƙarƙashin gado. Na tsorata, babu amfanin ɓoyewa. In ya mutu a hannuna, da wane ido zan dube ta ran gobe?

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Mun koma. Likita ya ce, me yake ci kafin a ba shi magani? Sai a lokacin na tuna: Kumandan bai taɓa samun kwanon kansa ba. Ragowar abincin rana yake bi, nawa da na maƙwabta. To azumi ya shigo, duk unguwarmu ta Zongo babu tukunya a wuta sai bayan la'asar, sahur ɗina kuwa shayi ne da burodi. Ashe ciki wayam nake ɗura masa siro, har ya ci masa ciki.
Likitan bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Baba, Kumandan ba ya azumi."
Ya hana siron, ya yi masa allura, ya ce dafaffen kifi kaɗan-kaɗan, ba gishiri. A hanya Ladidi ta ce ita ma ba ta kawo haka a ranta ba. Lallashina take yi, na sani.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Na hura wuta da rana tsaka. Maƙwabciyata Salamata ta leƙo ta katanga: "Malam Mani, lafiya? Hayaƙi yanzu?" Na ce na muzuru ne. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," da muryar wadda ba ta yarda ba. Kafin magariba Zailani mai shayi yana tambayata ko tsufa ne ya kayar da ni. Su yi ta faɗa.
Ƙamshin kifin nan ya gwada imanina. Shi kuwa gogan ya ƙi kwano, sai a yatsana ya lasa. Harshensa kaushi.

Talata, 19 ga Nuwamba
Ya ci, bai mayar ba. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Ladidi ta ce, "Baba, bari in tafi da shi. Yarana ba sa azumi, kullum akwai tukunya a wuta, ka huta da surutun mutane." Gaskiya ta faɗa. Na ce titinsu mobilet ta yi yawa. Na ce kuma ba ya son kwali. Ta kalli ƙafata, inda yake kwance ya cika mini jallabiya da gashi.
Da za ta fita ta ce, "Allah ya ƙara wa muzurun Inna sauƙi." Sai na ji bakina ya ce, "Nawa dai." Ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗarta tana rawa, dariya take ɓoyewa.
Gobe sai na yi sammakon kasuwa, kifi ya ƙare.