Shuɗin da Kabeji Ya Kora

Zuwa ga 'yata Eun-sol,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikata Na-rae. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa muku dogon duhun nan na Finlan da kike ba mu labari. Mu nan Daejon kalau muke, irin kalau ɗin tsofaffi. Uwarki tana fama da gwiwa, amma bakinta garau, don ko jiya sai da ta kira ni ta yi mini faɗa kamar ita ce babba. Ɗan'uwanki, ɗana Dong-uk, yana ta aikinsa. Ni kuwa tarin nan ya ƙi tafiya. Likita ya ɗauki hoton huhuna, ya daɗe yana kallo, ya ce in dawo tare da wani nawa. Na yi shekaru ina duba sakamakon gwaji, na san fuskar mutumin da ya ga abin da ba ya so.

Uwarki ta ce kin shirya zuwa bikin cikata shekara saba'in da bazara. A kan wannan na rubuto, sai ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Kin san shuɗin lu'ulu'una, tunda kin taɓa ɗora ido a madubin gwajina kina 'yar makaranta kika ce kamar gishirin da aka rina. Sarƙoƙi ne na jan ƙarfe, jere a kan jere, da 'yan ƙofofi tsakaninsu. In suna cikin sanyi shuɗi ne. In ɗumi ya kai na jikin mutum sai sarƙoƙin su zame, ƙofofin su rufe, ya koma kore, kuma ko a ƙanƙara kika binne shi ba ya dawowa. Shekaru muna haɗa shuɗin ba wahala, har wani rani da na'urar sanyaya ɗakin gwajinmu ta lalace, faranti guda ya juye ya koma kore. Tun daga ranar, duk wanda ya haɗa ruwan da lu'ulu'un ke tsirowa a ciki, kore ke fito masa. Ƙurar koren da ido ba ya gani ta shiga bango da labule da gashin kanmu, ita ce iri, ita ke nuna wa sabon yadda zai tsiro. Duk ɗakin gwajin da na taka ƙafa don in nuna musu, na kai musu ita a rigata.

Daga nan surutu ya tashi. Gwak, wanda ni na koya wa riƙe hantsaki, yanzu shi ne shugaban sashe, ya tashi a taro ya ce wai Malam Pyo dai a gindin kofin giyar shinkafa ya ga shuɗinsa, a ba shi na biyu ya gano mana ja. Aka yi dariya, har da waɗanda na sa wa hannu suka sami digiri. Yaran yanzu in sun ambaci aikina sai su ƙara da cewa ba a tabbatar ba. Da na yi ritaya ko kujera ba su bar mini ba, amma na fito da 'yar kwalba guda, ta ƙarshe a duniya, shuɗi tsantsa a rufe ruf. Da ƙyar na samu aka ba ni rana da bazara a babbar na'urar haske ta kudu, inda za a auna ta a gaban kowa.

Tun rasuwar matata, gwaggonki, na koma gidan Dong-uk, kwalbar kuwa na sa ta a akwatin katako a can ƙasan firjin kimci, kabejin nan namu da ake tsimawa da barkono, don babu inda sanyi ke tsayawa daram kamar nan. Sai ga lokacin haɗa kimcin sanyi ya zo. Surukata Hye-ran ta tara ƙawayenta, kabeji tsibi guda, barkono har a bango, ni kuma aka kore ni zuwa wurin tsofaffi masu buga dara, wai in tafi kada in tsaya musu a kai kamar mai duba makaranta. Da suka zo jera robobi a firjin wuri ya gaza. Ta ga akwatina ta ɗauka magani ne, ta ce bai kamata maganin Baba ya yi warin tafarnuwa ba. Ta goge shi tas, ta kai ɗakina, ta ajiye a ƙasa wajen da nake shimfiɗa, inda daɓen ya fi ɗumi, har ta lulluɓe shi da bargo. Ranar ce kuma aka fara kunna wutar da ke ɗumama daɓen daga ƙasa.

Da na buɗe, kore ne shar. Na zauna a ƙasa da shi a hannu. Hye-ran ta shigo da naman alade da sabon kimci a faranti tana cewa Baba a ci tun da zafi, ta ga fuskata, ta ajiye farantin a hankali. Da Dong-uk ya yi mata bayani ta yi kuka har ta ba ni tausayi. Shi kuma ya ce wai haba Baba, ai koren ma ya fi kyau, kuma wa ya taɓa cin lu'ulu'u da shinkafa? Ban ga laifinta ba. Ita kaɗai ce a shekarun nan ta taɓa aikina da niyyar alheri.

To ga abin da ya rage. Ke kaɗai na sani mai ɗakin gwaji da hannu mai kyau, a ƙasar da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, kuma rabonki da gidana tun kafin ƙurar ta zo. Yadda ake haɗa ruwan yana cikin tsohuwar maƙalata, ba abin da na ɓoye. Ki sayi komai sabo, ki ajiye a wuri mai sanyi, kada ki motsa shi, kada ki riƙa leƙawa. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci ya ƙi sai an sake. Amma in kika shigo gidan nan kika rungume ni, kika kwana a ɗakina, za ki koma da irin a gashinki, shi ke nan ƙofar ƙarshe ta rufe. Ko takardar nan ba a gida na rubuta ta ba. Gidan wanka na je na dirje jikina har ya yi ja, na sa sabbin kaya, na zauna a gidan waya da sabon biro. Duk da haka ki karanta ta a waje, ki ƙone, ki wanke hannu.

Don haka kada ki zo bikin, Eun-sol. Na san me nake roƙo. Na san bazara ta gaba ba lallai ta same ni ba, kuma Na-rae a hoto kawai na san ta. Uwarki ta ce na haukace, wai tsohon banza ya zaɓi gishiri a kan 'yarsa, in na mutu sai gishirin ya zo ya durƙusa a kabarina. Wataƙila gaskiyarta. Amma mutanen nan sun ce abin da na gani da idona ban gani ba, har ni kaina wani lokaci sai in tsaya ina tambayar kaina. Ba na so in tafi da wannan tambaya.

In kore ya fito, ki hau jirgi ki zo, babu sauran abin tsaro. In kuwa shuɗi ne, kada ki aiko mini da shi, kada ki kai wa Gwak, ki auna shi a can ki sa sunanki. Ni dai ki kira ni a waya ki faɗa mini launinsa.

Ki gaishe da maigidanki Tae-gon da kyau, ki shafa mini kan Na-rae. Uwarki na gaishe ku, ko da yake tun faɗan jiya ba ta magana da ni. Dong-uk da Hye-ran ma suna gaisuwa. Hye-ran ta so ta aiko miki da kimci, na hana, kin san dalili.

Ni ne kawunki,
Pyo Man-sik