Wayar da Aka Yanke Ranar Makoki

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, na sani sarai wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kake. Amma gobe Lahadi ce, kuma duk faɗin Birnin Kebbi ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina. Shi ya sa na zauna a kujerarka ta ɗakin rediyo, na yagi takarda daga bayan littafin da kake rubuta mutanen duniya da ka yi magana da su. Ka yafe mini yagar.

Yau kwananka ashirin da biyar. Ruwa ya zauna, an ce shinkafar fadama ta yi kyau. Jar akuyar nan ta haifi biyu. Ɗalibanka na makarantar koyon sana'a sun zo gaisuwa ayari guda, har da dogon nan da kake cewa hannunsa bai iya riƙe sukuddireba ba, shi ya fi kowa kuka. Ni kuwa ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Ɗanka bai sani ba, Malam. Yaya Alhaji, babban yayanka, ya zo daga Argungu ranar uku, ya tara mu ya yanke hukunci: kada a rubuta masa, kada a aika masa ta bakin kowa, sai ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe a can Indiya. Ya ce shekara biyar yaro na wahala a ƙasar mutane, ba za a zubar masa da ita saura wata guda ba. Kowa ya ce gaskiya ne, ni ma na ce gaskiya ne. Abin da Yaya Alhaji ya manta, ko kuwa bai taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, shi ne kowace Lahadi bayan la'asar yaron nan yana zama gaban rediyon makarantarsu yana kiranka. Shekara biyar ba ka saɓa masa ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai sai da ka rarrafa.

Lahadin farko gida cike yake da baƙi, ban shiga ɗakin ba. Ta biyu na shiga da niyyar shara. Ƙarya nake, ba shara ta kai ni ba. Ka ɗauka duk shekarun da nake tsayawa bakin ƙofa da kwanon furarka ba na ganin komai? Na haɗa batirin mota yadda kake yi. Na kunna 'yar kwamfutar da ka jona da tsohon talabijin ɗinmu, na sa kaset ɗin nan mai ƙara kamar gyare, na jira har jerin sunaye ya fito. Sunansa ne na ɗaya. Na danna ɗaya, lambobin fuskar rediyon suka juya da kansu. Sai ga shi, Malam. Muryarsa tana zuwa tana komawa cikin shuu ɗin nan, yana jero haruffan kiranka da Turanci, ya yi shiru ya saurara, ya sake jerowa. Na zauna hannuna a cinya har ya gaji ya tafi.

Ka san dalili. Ɗan fari ne. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba, haka aka tarbiyyantar da ni a Augie. Sau nawa ka miƙo mini abin magana kana dariya, kana cewa iska ba ta da surukai? Sai in kau da kai in ce ka gaishe shi. Kana tsammanin ban so ba? Wallahi nakan koma madafa in yi ta maimaita abin da ya faɗa, har tuwo ya kama.

Lahadin da ta wuce ya kira har sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Daga nan ya yar da Turancin da dokokinku duka, ya koma Hausa. Ya ce ya san ko ba ka iya amsawa kana saurare. Ya ce ransa bai kwanta ba, ya kasa karatu, kuma idan Lahadi mai zuwa bai ji komai daga gida ba zai bar jarrabawar ya nemo jirgi. Ka san halinsa, naka ne. In ya faɗa ya gama.

A nan kunya ta bar ni. Na damƙi abin magana na matsa. Allurar ƙaramin akwatin da ke gefe ta yi tsalle ta shige ja, har ta bugi bango. Na tuna kana gaya wa ɗalibanka cewa in ta shiga ja to murya ba ta fita, dawowa take yi cikin rediyo ta ƙone masa ciki. Na saki. Na duba kunnuwa ukun da kake murɗawa, kowanne yana daidai ɗigon jan farcen da ka sa masa, jan farcen nawa da ka sace ka ce ɓera ne. Na murɗa hagu, na murɗa dama, na sake matsawa. Ja. Ina ji ya yi sallama da iska ya rufe, ni kuwa ina durƙushe a ƙasa ina kiran sunan Allah.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni na jawo. Ranar da aka kai ka, maza suna neman kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gida, sai gefe ɗaya na wayar eriyarka ya tare musu wuri, wanda ka ɗaure a darbejiya. Suka aiko a tambaye ni. Na ce a yanke, mai ita ya tafi. Suka datse kamu bakwai suka ɗaure sandunan rumfa da shi, suka maƙale sauran a reshe. Ba ruɗewa ce ta sa na faɗi haka ba, Malam, haushi ne. Haushinka nake ji. Ka san lokacin faɗuwar rana a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, ka san wane Bature ne matarsa ba ta da lafiya, amma ciwon kan da ya yi wata biyu yana cinka ka ƙi zuwa a duba. Ka iya sauraren ƙarshen duniya, me ya hana ka saurare ni?

Kwana biyu na yi ina juya abin kafin in gane. Kai ka taɓa cewa eriyar nan kamar sandar mai garuwa ce, in gefe ɗaya ya fi ɗaya ba ta tafiya. Ji dai ana ji da kowace irin waya, amma magana sai hannu biyun sun zo daidai. Maza ba sa shigo mini, ni ba na fita, Yaya Alhaji kuwa in ya ji zai sa a kwashe kayan a kulle. Sai na aika wa Maman Ngozi, matar mai shagon kayan wuta da kake saye wurinsa. Ta zo da naɗin wayar jan ƙarfe a ƙarƙashin gyale, kamar mai kawo gaisuwa. Ashe zaman shago ya koya mata liƙi da dalma. Muka sassauta igiyar da ka rataya a sandar tsakar gida, eriya ta sauko. Muka shimfiɗa hannun da aka yanke a jikin mai lafiyar, muka ƙara abin da ya rage, ta liƙe. Ita ta fita ta ɗaure bakin a darbejiya, tana taka turmi. Da ka ga mata biyu, ɗaya cikin takaba, suna ja-in-ja da wayarka, da ka yi dariya har ka yi tari. Ba ta tambaye ni komai ba, sai da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce ita ma tana da ɗa a nesa.

Ɗazu da hantsi na gwada. Na mayar da kunnuwan kan jan farce, na rage ƙarfi yadda kake yi, na matsa. Allurar ta ɗan motsa kaɗan, ta kwanta.

Na yi kuka, kuma ba na murna ba ne. Muddin allurar na shiga ja ina da uzuri a gaban Allah da gabansa. Yanzu ba ni da shi. In na yi shiru gobe, zai bar wahalar shekara biyar ya taho ya tarar da kabari. In na faɗa masa, na karya maganar Yaya Alhaji, kuma wa zai riƙe shi a can, cikin mutanen da ba su san ka ba? Na yini ina shirya ƙarya. Na ce zan ce mura ta shaƙe maka murya. Na ce zan ce ka tafi Sakkwato taro. Har na rubuta a takarda ina karantawa, don kada harshena ya sarƙe.

Sai da na idar da azahar na ga wautata. Wace ƙarya? Yaron da tun da aka haife shi bai taɓa jin na kira shi ba, gobe zai jero haruffanka ya saurara, sai ya ji uwarsa. Me kuma ya rage in faɗa? Kafin in gama sallama ya riga ya sani.

Malam, ya zan yi? Kai ne mai magana a gidan nan, ni mai tsayawa bakin ƙofa ce. Me ya sa ba ka matsa mini ba, ko sau ɗaya, in ce masa sannu lokacin da sannu ba ta nufin komai?

Zan matsa abin maganar. Ba ni da lasisi, ba ni da izinin Yaya Alhaji, ba ni da naka. Zan kira shi da sunansa, in ce ya zauna ya rubuta jarrabawarsa domin kai, sannan in saurari kukansa har batir ya mutu. Ban san ko zai ji maganata ba. Ban taɓa ba shi umarni da bakina ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe mini yankan wayar nan. Sai na iso.

Taka,
Kulu, uwar Bashiru. Ka ga, na fara gwadawa a takarda.