Layi na Huɗu a Kan Kwalin Magani

Zuwa ga Rumasa'u, sanyin idona, dabinon kwarin Gidigir da ya nuna a kan uwarsa, ruwan randa ga mai dawowa daga rairayi da tsakar rana. Litinan ɗina, hafsar soja! Ina gaishe ki, amma yau gaisuwar da ƙaya a cikinta.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, na san a can bariki ba kya kunna ta sai an sallame ku. Shi ya sa na ba Ma'azu direba wannan takarda ya miƙa a ƙofa. Ki karanta ta a tsaye, kada ki ce sai an jima.

Ban taɓa ƙorafi da aikinki ba, ke ma shaida ce. Kwana ashirin da biyar kina farmasinki a nan Gure cikin farar riga, kwana biyar sojoji su kira ki ki je ki tsare musu ɗakin magani. Ni telan da ya rage miki kakin nan, ni na ɗinka galo biyun da ke kafaɗarki, ina ɗinki ina washe baki kamar ni aka ƙara wa girma. Abokai suna zolaya ta wai zan auri matar da zan riƙa sara wa, ina cewa na ji, na yarda.

Kin tuna ranar da zazzaɓi ya kawo ni gabanki ina rawar ɗari? Kika ɗauki bik kika ja layi uku a kan kwalin magani, safe, rana, dare, yadda kike yi wa duk wanda ba ya karatu. Na ce ai ni ina karantawa, kika ce zazzaɓi ba ya karatu. Wayyo, wannan dariya taki! Bayan wata biyu, da na dawo da mura ta ƙarya, kika ja uku sannan kika ƙara na huɗu, gajere, a karkace, can gefe. Kika ce wannan ba ƙwaya ba ce, lokacin tuna ki ne, kuma nawa ne ni kaɗai. Har kika nuna mini cewa in magani na sau huɗu ne da gaske, layukan nan huɗu tsayinsu ɗaya kike yi, a miƙe. Kwalayen nan duka suna cikin akwatin zarena har yau.

To jiya da hantsi wani soja mai suna Modu, dogo, mai wushirya, ya kawo wando in gyara masa. Ina zazzage aljihu sai ga kwalin magani ya faɗo a kan keken ɗinkina. Hannunki ne, ko a cikin dubu zan gane shi. Layi uku a miƙe, na huɗu gajere, a karkace, can gefe. Nawa, Rumasa'u! A aljihun wani ƙato!

Na tambaye shi wa ya ba shi, ya ce Litinan ce da hannunta, yana faɗa yana murmushi. Murmushin me? Me ya sa ya shafa kwalin kafin ya mayar aljihu? Tun yaushe kwana biyar ɗinki suka fara zama shida, kina ce mini lissafin kaya ne ya riƙe ki? Su wa ke tsayawa a tagar ɗakin maganin nan da ciwon kai na ƙarya? Na san wannan dabara sarai, ni na fara ta. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, tun jiya ko allura na kasa zura wa zare.

Amma ga abin da ya fi ci mini rai. Modu ba ya karatu. Ya ce layi huɗu ya gani, don haka huɗu yake sha kullum tun Talata, har yana cewa maganin da ƙarfi, jiri yake sa shi. Na ji wannan da kunnena, na buɗe baki, sai kishi ya rufe mini shi. Na miƙa masa wandonsa, ya hau motar soja ya koma wajenku. Allah ya yafe mini.

In son shi kike, da kin gaya masa ma'anar layin, ko kuwa kunya ce ta hana ki? In kuma ni kike tunani hannunki ya zame ya ja abin da ya saba, to kin yi kuskure a bakin aiki saboda ni. Kin ga inda na tsinci kaina? Ina roƙon Allah ya sa kuskure ne, alhali na san kuskuren yana cikin cikin bawan Allah.

Ki ajiye takardar nan ki nemo shi yanzu, ki karɓe kwalin, ki duba shi. Shi ne farko. Amsata za ta iya jira har ki dawo, ko da wadda nake tsoro ce.

Ko me kika ce, zuciyar nan ba ta da wata mai ita bayanki, yau da gobe da ranar da za a ɗauke ni.

Naki, mai zargi da kunya,
Fadilu